Murfin Dabino

A unguwar Zongo ta birnin Yamai akwai wata yarinya mai suna Iklima. Shekarunta goma. Kowa a layinsu ya san ta da abu guda, wato tambaya. Me ya sa kogi ba ya ƙarewa? Me ya sa akuya ba ta wanka? Mai shagon kusa da gidansu in ya hango ta sai ya ce, "Ga ta nan, Allah ya sa yau na san amsa."

Mamanta, Salamatu, mai kwalliyar amare ce. Tun daga Zongo har tsallaken gada ana kiran ta. Tana da wani akwati ja, cike da hoda da jan baki da kwalli da buroshi manya da ƙanana. Amma abin da ya fi jan idon Iklima shi ne wasu ƴan robobi baƙaƙe guda shida. A cikinsu Mama take zuba man fuskar da ake fara shafa wa amarya kafin hoda. Da hannunta take haɗa shi, don na kanti ba ya dacewa da fatar kowa.

Mama ba ta cewa wance fara ce, wance baƙa. Ita sunan abinci take sa wa launin mutane. A kan kowane murfi ta rubuta suna: Madara, Gyaɗa, Zuma, Dabino, Tsamiya, Kafe.

"Mama, ni wace ce a cikinsu?" in ji Iklima wata rana.

"Ke barkono ce," in ji Mama tana dariya. "Matsa mini, ina sauri. Kuma kar in ga hannunki a akwatin nan."

To, ka hana Iklima amsa, ai ka ƙara mata ƙaiƙayi ne.

Ranar Juma'a da yamma ta dawo daga lakwal, wato makaranta. Mama ta tafi kasuwar Petit Marché cefane. Gida shiru, akwati kuma ga shi nan a kan tabarma. Iklima ta leƙa ƙofa, ta dawo. Ta buɗe robobin shida gaba ɗaya, ta zube murafun a gefe. Ta lakato kowanne da ɗan yatsa, ta ja layi shida a hannunta.

Madara ya yi mata fari fat. Kafe, mai launin garin kofi, ya yi duhu. Zuma kuwa, tana shafawa ya ɓace cikin fatarta.

"Ashe Zuma ce ni!" ta ce, tana tsalle.

Sai ta ji ƙarar ƙyauren gida. Mama ce! Ta kwashi murafun ta rufe robobin da sauri, kowanne da wanda hannunta ya fara kamawa. Ta goge hannu da gefen zane, ta ɗauki kayenta, wato littafinta na lissafi, ta buɗe shi a juye. Mama ba ta lura ba, kaya sun yi mata yawa.

Washegari Asabar, da sassafe, Mama ta ɗauki akwatinta ta tsallaka gada zuwa unguwar Harobanda. Akwai bikin wata amarya mai suna Safiatou. Kullum in Mama ta dawo daga biki takan zo da alewa da labari. Ran nan ta dawo ba alewa, ba labari. Ta tura akwatin can ƙarƙashin gado, ta kwanta ta juya fuska bango.

"Mama, ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"To me ya sa kika kwanta da rana?"

"Iklima, don Allah yau ban da tambaya."

Lahadi ta zo, Litinin ta wuce. Mama ba ta fita ba. Ko kwalli ba ta sa a idonta ba, ita da ba ta zuwa ƙofar gida sai da kwalli. In ta zuba shinkafa, cokali biyu take ci ta ture. Wayarta tana ta ƙara, ba ta ɗauka. Amma in ta ga ba kowa, sai ta jawo wayar ta yi ta kallo, idonta yana kawo ruwa.

Me ke cikin wayar nan? Iklima ta kasa haƙuri. Da Mama ta shiga wanka, ta leƙa.

Hoton amarya ne. Kayanta sun yi kyau, ɗaurin kanta ya zauna daram. Amma fuskar, wayyo! Ta yi fari toka-toka, wuyan kuma yana nan da launinsa. A ƙasan hoton mata sun yi ta rubutu. Wata ta ce, "Amarya ce ko wadda ta faɗa buhun gari?" Wata ta ce, "Salamatu ta tsufa, ta ba yara wuri." Sauran duk hotunan dariya ne.

Ran Iklima ya ɓaci ƙwarai. Mutane ba su da kirki, ta ce a ranta. Amma ko kaɗan ba ta kawo cewa da hannunta a ciki ba.

Ranar Talata Tanti Fa'iza ta zo. Ƙawar Mama ce tun suna ƴan mata, ita ma kwalliya take yi. Iklima ta kawo mata ruwa, ta koma bakin ƙofa ta zauna, kunnenta a ɗaki.

"Salamatu, tashi haka nan," in ji Tanti Fa'iza. "Wa bai taɓa kuskure ba? Bakin mutane ai ba ya gajiya, gobe wata za su kama."

"Ba bakinsu ne ya dame ni ba," in ji Mama. "Shekara goma sha biyu ina aikin nan, ban taɓa kuskuren launi ba. Yanzu in na kalli fuska, tsoro nake ji. Fa'iza, hannuna ya mutu. Ki zo ran Alhamis ki ɗauki akwatin. Na bar kwalliya."

"Subhanalla! Kin san me kike faɗa?"

"Na sani. Ki dai zo."

Iklima ta dubi hannun Mama da kyau. Yana motsi, har yana riƙe da kofi. To ta ina ya mutu?

Ranar Laraba da aka fita hutun ƙarfe goma, ba ta bi yara sayen ƙosai ba. Ta tsaya gaban teburin malamarsu, Madam Hafsat.

"Madam, hannu yana mutuwa alhali mai shi yana da rai?"

Madam ta ajiye bik ɗinta na rubutu. "Hannun wa?"

Iklima ta ba ta labarin hoton da maganganun mata da akwatin da ke ƙarƙashin gado.

Madam ta ce, "Kin tuna lokacin da kika ci sifili a jarrabawar dikte? Me kika ce mini?"

"Na ce ni ban iya rubutu ba."

"Da gaske ba ki iya ba?"

"Na iya mana. Raina ne ya ɓaci."

"To haka manya ma suke. Hannun mamanki lafiyarsa lau. Zuciyarta ce ta ji ciwo. Mai kwalliya tana yini tana gyara fuskokin mutane, ba mai tambayar ta yaya ranta yake. In aka yaba, a ce amarya ce kyakkyawa. In aka kushe, a kira sunan mai kwalliya."

"Akwai maganinsa a farmasi?"

Madam ta yi murmushi. "Wani lokaci sai an ga likita, kuma ba abin kunya ba ne. Amma da farko tana buƙatar wanda zai zauna ya saurare ta. Ki je ki zauna kusa da ita. Tunda Allah ya ba ki baki, ki tambaye ta yadda abin ya faru. In ta ƙi magana, kar ki matsa mata."

Laraba ba a komawa lakwal da yamma. Iklima ta dama fura ta kai wa Mama, ta zauna a bakin gado. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, wanda a wurin Iklima ba ƙaramin aiki ba ne.

Can ta ce, "Mama, yaya aka yi ranar nan?"

Mama ta yi ajiyar zuciya. "Mako guda kafin biki na gwada fuskar yarinyar nan. Dabino ce, har na rubuta. Ranar biki an ɗauke wuta, ɗaki ba haske sosai. Mata cike, kowa na cewa in yi sauri, motoci sun iso. Na ɗauki Dabino, na karanta murfin da idona. Dabino na shafa mata, Iklima. Ga abin da ya fito."

Murfi!

Kalmar ta daki Iklima a ƙirji. Ta tuna Juma'a. Ta tuna murafu shida zube a tabarma da ƙarar ƙyaure.

"Me ya same ki?" in ji Mama.

"Ba komai," in ji Iklima. Ta fita da sauri.

Da la'asar Mama ta shiga maƙwabta gaida mara lafiya. Iklima ta ja akwatin daga ƙarƙashin gado. Ta buɗe robar da aka rubuta Dabino. Gyaɗa ce a ciki, ba ko shakka. Ta buɗe mai murfin Gyaɗa. Ga Dabino nan kwance abinsa. Sauran huɗun Allah ya sa sun faɗa daidai.

Yanzu fa? In ta faɗa, Mama za ta san ta taɓa akwati, kuma ita ce ta jawo mata zagin duniya. Sai wata dabara ta zo mata. Ta musanya murafun biyu, kowanne ya koma kan robarsa. Ta mayar da akwatin, ta share wurin.

"Shi ke nan na gyara," ta ce wa kanta. Kayya, Iklima! Garin neman gira ake rasa ido.

Ranar Alhamis da ta dawo cin abincin rana, ta tarar da Tanti Fa'iza a tsakar gida. Akwatin ja yana gabansu.

"Ni ban yarda ba," Tanti Fa'iza take cewa. "Kafin in ɗauki komai sai mun duba kayan nan. Wataƙila man ne ya lalace da zafi."

Fuskar Mama ta ɗan saki. "Kina ganin haka ne?"

"Buɗe mu gani."

Mama ta ɗauki Dabino ta buɗe. Ta lakata, ta shafa a bayan hannunta, ta ɗaga shi a rana. Ta daɗe tana kallo. Sai kafaɗunta suka zube.

"Kin gani ko? Dabino ne, lafiyarsa ƙalau. Kaya ba su da laifi, Fa'iza. Ni ce. Idona ne ko hannuna, ko duka biyun." Ta tura akwatin da ƙafa. "Ɗauki ki tafi da shi."

Nan Iklima ta gane abin da ta yi. Da ta bar murafun a juye, da yanzu Mama ta ga gaskiya da idonta. Ita ta ɓoye laifinta, sai laifin ya koma kan Mama gaba ɗaya. Tanti Fa'iza ta kai hannu kan akwatin.

"Tanti, kar ki ɗauka!" Iklima ta fashe da kuka. "Ni ce! Mama, ni ce!"

Ta faɗi komai, tana shessheƙa. Ta faɗi na Juma'a, ta faɗi na Laraba. Ba ta rage ko ɗaya ba.

Tanti Fa'iza ta riƙe haɓa. Mama ta zuba wa Iklima ido, Iklima kuwa ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa.

"Wato Gyaɗa na shafa wa Safiatou," in ji Mama a hankali.

"E, Mama."

"Gyaɗa." Mama ta dafe goshi. "Fa'iza, wallahi na gani. Ina ɗora shi a kumatunta na ce a raina, wannan ya yi haske. Sau biyu na duba murfin. Sai na ce ai murfi ba ya ƙarya, duhun ɗaki ne yake ruɗa ni. Idona ya gaya mini gaskiya, na ƙaryata shi, na gaskata rubutu."

"To ina hannun da ya mutu?" in ji Tanti Fa'iza.

Mama ta juyo ga ƴarta, fuskarta ba wasa. "Iklima, na hana ki taɓa akwati, kika taɓa. Wannan laifi ne. Amma na Laraba ya fi shi ciwo. Kina gani ina zargin kaina, kika rufe bakinki."

"Na ji tsoro ne, Mama. Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ba ni kaɗai aka ɓata wa ba. Akwai wadda aka yi wa dariya ranar aurenta. Ran Asabar za mu je Harobanda, da bakinki za ki gaya mata."

Tanti Fa'iza ta tafi ba tare da akwatin ba. Mama kuwa ta cinye abincinta tas ran nan.

Asabar da hantsi suka shiga taksi. Iklima, wadda kullum in an hau gada sai ta tambayi inda dorinar ruwa take kwana, ranar ko kogin ba ta kalla ba. Mama ta ɗora akwatin a cinya ta riƙe shi da hannu biyu.

Safiatou ta tarbe su, ta kawo ruwa, amma fuskarta a ɗaure. Mama ta fara ba ta haƙuri. Ta ce kuskurenta ne da ba ta fita da ita haske ta duba ba. Sannan Iklima ta durƙusa ta faɗi nata.

"Ke ce kika mai da ni buhun gari?" in ji Safiatou.

"Ni ce, Tanti. Ina son in san launina ne."

Safiatou ta so ta ci gaba da fushi, amma dariya ta kufce mata. Da ta gama dariyar sai ta share ido. "Na yi kuka fa ba kaɗan ba. Hoton bikina ko ɗaya ban rataya ba."

"Shi ya sa na zo da akwati," in ji Mama. "Ba zan iya dawo miki da ranar ba. Amma in kin yarda, ki sa kayan bikinki in sake miki kwalliya, ku ɗauki hoton da za ki so kallo."

Safiatou ta ce, "To, bismilla."

Mama ta sa aka fito da kujera bakin ƙofa, inda haske yake. Ta buɗe robobin shida, ta kife murafun duka a kan tabarma don kar ta ga rubutun. Ta ɗauki buroshi. Iklima ta ga hannun yana rawa.

"Mama, kina jin tsoro?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ina ji."

"To za ki fasa?"

"A'a. Da tsoron zan yi."

Mama ta kalli fuskar Safiatou, ta kalli wuyanta, ta kalli robobin. Ta ɗauki guda. Ta ƙara ɗigon wani a ciki, ta gauraya a bayan hannunta. Ta shafa a kumatu. Man ya shige fata, ba ka ce an shafa komai ba. Daga nan hannun ya daina rawa. Ta ja gira, ta zizara kwalli, har ta fara ƴar waƙarta ta aiki a maƙoshi.

Da aka gama, Safiatou ta karɓi madubi. Ta juya dama, ta juya hagu.

"Wannan ce ni," ta ce daga baya. Ta ƙwala wa mijinta kira ya zo ya gani, ya kuma zo da waya.

A hanyar komawa Iklima ta ce, "Mama, matan nan za su goge abin da suka rubuta?"

"Wataƙila ba za su goge ba."

"To ba zai dame ki ba?"

"Zai ɗan dame ni. Amma na daina kwana da shi. In raina ya sake nauyi, zan kira Tantinki Fa'iza tun da wuri in gaya mata, ba zan juya fuska bango ba. Kuskure ɗaya ba ya cinye shekara goma sha biyu."

Tun daga ranar Iklima ta riƙe darasinta da kyau. In ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, domin laifin da ka ɓoye wani ne yake ɗaukar nauyinsa. Kuma wanda ya iya aikinsa kada ya bari maganar mutane ta sa ya ƙaryata idonsa.

Suna sauka daga taksi wayar Mama ta yi ƙara. Ta dubi lambar, ba ta san ta ba. Ta ja numfashi, ta ɗauka.

"Salamu alaikum. E, ni ce Salamatu mai kwalliya. Wace rana ce bikin?"